Filin Tambaya da Amsa: Wane kifi ne zai iya zama da wane a ƙaramin tanki?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato haɗa kifayen ado iri-iri a tanki ɗaya. Wasu sun tambaya tun kafin su saya, wasu kuma sai da ɓarna ta faru sannan suka rubuto. Na ɗan rage tsawon wasu saƙonnin saboda fili.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sayi tankin gilashi, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, filta da hita da fitila duk na haɗa. Abin da nake so in zuba shi ne enjel 2, golfish 2, niyon tetira 4, gofi 3, beta namiji 1 don kalarsa ta burge ni sosai, sai fileko 1 da zai riƙa share min gilashi. Mai sayarwa ya ce duk za su zauna tunda ƙanana ne. Ya kake gani? — Daga wani sabon shiga

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya taimake ka da ka tambaya kafin ka zuba. Mu fara da lissafi, 60 sau 30 sau 30 ya ba ka lita 54, kuma idan ka zuba yashi da duwatsu ka bar ɗan fili a sama, ruwan da zai rage bai wuce lita 45 zuwa 48 ba. Wannan shi ne duk duniyar kifayen nan, a nan za su ci, a nan za su yi kashi, a nan za su yi numfashi, kuma wanda aka kora ba shi da wajen gudu.

Mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba da ya ce ƙanana ne, sai dai bai ƙarasa maganar ba, ƙanana ne yau. Kusan duk kifin da kake gani a wajen sayarwa jariri ne, don haka girman da za ka tambaya shi ne wanda zai kai nan da shekara ɗaya. Enjel ɗin nan da kake gani kamar kwabo yana kai santimita 15 a tsawo, tsayinsa daga fiffiken sama zuwa na ƙasa kuwa har 20 ko fiye, ka ga kenan tanki mai tsayin 30 ya yi masa kaɗan tun ba a je ko'ina ba, kuma idan ya girma niyon ɗinka abincin dare ne a wajensa. Fileko na gama-gari yana kai santimita 30 zuwa 45, wato rabin tankinka ko fiye. Golfish kuma matsalarsa biyu ce, shi ba kifin ruwan ɗumi ba ne, ya fi sakewa a wajen digiri 18 zuwa 22, alhali sauran suna son 24 zuwa 26, to duk inda ka saita hitar sai ka cuci wani ɓangare, sannan ga ci ga kashi, yana ɓata ruwa fiye da ƙananan kifaye goma kuma shi ma yana wuce santimita 15 cikin sauƙi. Beta da gofi kuwa, jelar gofi namiji mai faɗi da kala ita ce take tunzura beta, gani yake wani ɗan'uwansa namiji ne ya shigo masa yanki. A cikin jerin naka gaba ɗaya, niyon ne da gofi kawai zan ce ka haɗa a wannan tanki, su ma ɗin akwai magana.

Maganar ita ce ruwa. Niyon asalinsa ƙoramun yankin Amazon ne, ruwa marar yawan ma'adinai mai ɗan tsami, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 7 ko daidai 7. Gofi da filati da moli su kuma sun fi lafiya a ruwa mai yawan ma'adinai, irin wanda yake barin farin abu a ƙasan butar dafa ruwa, pH 7 zuwa 8. Ana haɗa su a tsaka-tsaki kuma suna rayuwa, amma shawarata ka gwada ruwan famfonka tukuna da ɗan kayan gwaji, ka zaɓi kifin da ya dace da ruwan da kake da shi. Ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka zauna kana ta zuba magunguna wai kana gyara ruwa, yau pH ya hau gobe ya sauka, wannan hawa da saukar ya fi kashe kifi a kan pH ɗin da bai yi daidai ba amma ya tsaya waje ɗaya.

Da ni ne da wannan tankin, iri uku kawai zan sa. Garke ɗaya a tsakiyar ruwa, niyon 8 ko halikwin rasbora 8, ɗaya daga ciki ba duka biyun ba. A ƙasa figmi kori 6, ƙananan koridoras ne, wato kifaye masu gashin baki da ke zama a ƙasan tanki, ba sa wuce santimita 3. Sai kifi ɗaya da zai zama abin kallo, honi gurami, santimita 4 zuwa 5, ruwan zuma ne kalarsa, ba ya faɗa, a hankali yake yawo yana taɓa ganye da wasu siraran zaruruwa guda biyu da ke ƙirjinsa. Idan kuma ruwanka mai ma'adinai ne, gofi maza 6 da kori 6, shikenan. Na san za ka ce ai wannan ya yi kaɗan, kai kala-kala kake so, amma ka gwada ka gani, niyon 8 suna juyawa tare shuɗin layin nan yana walƙiya a ƙarƙashin fitila sun fi iri takwas ɗaya-ɗaya da kowa ya maƙale a lungu kyan gani.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan faɗa, wai santimita ɗaya na kifi ga lita ɗaya ta ruwa. Tana ɗan aiki ga siraran kifaye irin su niyon, amma kar ka ɗora ta a kan kifi mai kauri, oska ɗaya mai santimita 30 ba daidai yake da niyon 10 ba ko kusa.

Tambaya: Salam Malam. Ina da niyon 10 da enjel 2, wata biyar suna zaune lafiya lau ba wanda ya taɓa wani. Yanzu kuma kusan kullum na duba da safe sai in ga niyon sun ragu, saura 4, kuma ko gawa ba na gani. Yara sun ce kyanwa ce amma tankin da murfi. Abinci kuma ina ba su sau biyu a rana. — Daga wani magidanci

Amsa: Maigida a wanke kyanwa, ɓarawon a cikin gida yake. Enjel dangin sikilid ne, mafarauci ne duk da wannan tafiyar tasa ta ƙasaita, kuma ƙa'idar kifi ɗaya ce, duk abin da ya shiga baki abinci ne. Wata biyar ɗin da suka yi lafiya ba amana ba ce, bakin ne bai kai ba, yanzu ya kai. Abin da ya sa ba ka taɓa kama shi ba, niyon idan aka kashe fitila sauka suke yi ƙasa-ƙasa su yi lamo, kalarsu ma ta dusashe, to a wannan lokacin da kuma da asuba kafin su wartsake ake ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ka duba cikin enjel ɗin da sassafe kafin ka ba da abinci, idan ka ga ya ɗan taso to ka samu amsa.

Don cika sharaɗi ka leƙa bayan tankin ko wani ya yi tsalle ta inda wayoyi suke shiga, ka kuma duba bakin filta ko ta zuƙe wani, sannan ƙaramin kifi idan ya mutu da dare sauran kifaye da katantanwa suna iya cinye gawar kafin gari ya waye. Amma shida a jere ba gawa, ga enjel biyu da suka girma, ni dai ba na neman wani mai laifi. Ƙara abinci ba zai hana ba, ruwan kawai za ka ɓata. Ka raba su yau ɗin nan. Enjel yana buƙatar tanki mai tsayin aƙalla santimita 45 da lita 150 zuwa sama, kuma idan biyun nan suka zama mace da namiji suka fara shirin ƙwai, za su kori kowa daga rabin tankin. Huɗun da suka rage kuma ka ƙaro musu 'yan'uwa su koma takwas bayan ka raba.

Tambaya: Malam don Allah taimaka, beta na ja ne mai doguwar jela, na haɗa shi da taiga bab guda 3 saboda na ga kamar kaɗaici yana damunsa. Yanzu jelar duk ta yayyage, kullum yana bayan filta ba ya fitowa ko abinci ba ya ci sosai. Ni da na ji ana cewa beta mafaɗaci ne na ɗauka shi zai dame su. Jelar za ta dawo kuwa? Kuma wa zan iya haɗa shi da shi? — Daga wata ɗaliba

Amsa: Ƙanwata ki fitar da shi yanzu kafin ki gama karanta amsar nan, ko a babban bokiti mai tsabta ne da ruwan tankin da hita. Faɗan beta da ake faɗa, da ɗan'uwansa namiji ne da duk abin da ya yi kama da shi. A gudu kuwa ba shi da kataɓus, wannan jelar da aka ƙawata shi da ita nauyi ce, shi kuma taiga bab sauri gare shi kuma cizon jela sana'arsa ce. Sannan uku da kika saya shi ne adadi mafi muni, don su a garke suke rayuwa suna ta kore-kore a tsakaninsu ana tantance waye babba, idan sun kai takwas zuwa sama rigimar takan tsaya a cikinsu, idan sun yi kaɗan sai su huce a kan maƙwabci. Suna kai santimita 7 kuma suna son filin gudu, ba kifin ƙaramin tanki ba ne, kuma ko a babba ba a haɗa su da mai doguwar jela, ko beta ko gofi ko enjel. Kifin da ake kira safe tetira, jan nan mai baƙin ɗigo a kafaɗa, shi ma halinsu ɗaya.

Jela tana tsirowa in sha Allah, cikin 'yan makonni za ki ga wani siririn abu garai-garai kamar leda yana fitowa a bakin yagar, sabuwar jela ce, kala daga baya take zuwa. Maganinta ruwa mai tsabta da ɗumi, digiri 25 zuwa 27, ki riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu a mako har ya warke. Abin da za ki sa wa ido shi ne bakin yagar, idan ya fara baƙi ko fari-fari kuma jelar tana ƙara cinyewa alhali ba mai cizonsa, to ruɓewar jela ce ta shiga, wannan sai da magani.

Maganar kaɗaici kuma, ki kwantar da hankalinki, beta ba ya jin kaɗaici irin yadda muke ji, shi kaɗai a lita 20 zuwa sama da hita da tsirrai ya wadatu. Idan tankin ya kai lita 50 kuma kina so ki ga motsi, waɗanda aka fi dacewa da su su ne kori a ƙasa, halikwin rasbora ko emba tetira a tsakiya, da katantanwar nerait, wato masu gajeren fiffike, marasa cizo, waɗanda ba su yi kama da shi ba. Banda gofi namiji, banda gurami don danginsa ne kuma saman ruwa ɗaya suke so, banda beta namiji na biyu ko da wasa, mace ma ba a barinta da shi dindindin. Ki fara zuba sauran su zauna, shi ya shigo a ƙarshe don kar ya ɗauka duk tankin nasa ne. Duk da haka kowane beta da halinsa, wani ko kallon maƙwabta ba ya yi wani kuma har katantanwa sai ya tsokana, zo mu zauna zo mu saɓa, saboda haka ki ajiye wajen da za ki mayar da shi idan abin ya ƙi. Ki rage ƙarfin filta kada ruwa ya riƙa jan sa, kuma kar ki cika tankin har murfi, yana hawowa sama ya shaƙi iska kai tsaye.

Tambaya: Malam abin mamaki, gofi mata zalla na saya guda 3 don ba na son haihuwa, ba namiji ko ɗaya a tankin, amma sai ga 'ya'ya sun cika ko'ina, kuma bayan wata guda suka sake. Ya aka yi haka? Tankin lita 40 ne. — Daga wata uwa

Amsa: Hajiya ba abin tsoro ba ne, da cikinsu suka zo. Gofi ba ƙwai take sakawa ba, 'ya'ya take haifa da ransu suna iyo, kuma macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, haɗuwa ɗaya ta isa ta yi haihuwa da yawa a jere, kusan duk bayan mako huɗu, kowace haihuwa 20 zuwa 40 ko fiye idan uwar babba ce. A wajen sayarwa galibi a haɗe suke da maza, to kin ga. Abin da ya fi wannan, 'ya'yan da kansu a wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa, idan ba ki raba maza da mata ba lita 40 ɗin nan ba za ta ɗauke su ba.

Yadda za ki bambance su tun kala ba ta fito ba, ki dubi fiffiken da ke ƙarƙashin ciki kusa da jela, na mace a buɗe yake kamar mafici, na namiji siriri ne mai tsini a kwance. Mace kuma tana da baƙin tabo a ƙarshen cikinta. Wanda ba ya son haihuwa maza zalla zai saya, 5 ko 6 don kada su taru a kan guda, su ne ma masu kalar. Wanda ke son haɗawa kuma mata biyu ko uku ga namiji ɗaya, in ba haka ba mazan ba sa barin mace ta huta. Filati da moli da sodtel duk haka suke. Rarar ki ba masu sha'awa ko ki mayar wa mai sayarwa in zai karɓa, amma don Allah kar a zuba su a rafi ko magudanar ruwa, gofi ya riga ya bazu a ƙasashe da yawa ta irin wannan hanya yana takura wa kifayen asali na wajen.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wane kifi ne yake cinye datti da kashin sauran kifaye? Gilashina ya yi kore, an ce in sayi fileko. Kuma an ce min kifi daidai girman tankinsa yake girma, ba zai wuce ba. — Daga wani dattijo mai ritaya

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya. Gaskiyar magana babu kifin da yake cin kashin kifi, wannan aikin naka ne da tiyo da bokiti, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kana zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasa. Fileko ma in ka lura ya fi kowa kashi, dogaye kamar zare za ka ga sun rataya a jikin ganye. Zancen kifi yana tsayawa daidai tankinsa kuma, abin da yake faruwa shi ne tsumburewa, ƙunci da gurɓataccen ruwa su hana shi girma yadda ya kamata, ya yi ta ciwo ya mutu da wuri, alhali fileko kifi ne da yake wuce shekara goma idan ya samu kula.

Akwai wani kuma da ake sayarwa da sunan mai cin gansakuka na Sin, siriri mai ruwan ƙasa ko ruwan gwal, shi ma ka kauce masa. Yana ƙarami yana aiki, idan ya girma ya doshi santimita 20 zuwa sama sai ya rage cin gansakuka ya koma korar maƙwabta, har manne wa kifaye masu faɗin jiki yake yi yana tsotsar yauƙin jikinsu.

Ga ƙaramin tanki, katantanwar nerait ɗaya ko biyu ta fi min kowa, tana goge gilashi tas kuma ba ta hayayyafa a ruwan daɗi, illarta kawai ƙananan fararen ƙwai da take mannawa a jikin itace waɗanda ba sa ƙyanƙyashewa. Sai oto, ɗan ƙaramin kifi mai santimita 4 zuwa 5, ba ruwansa da kowa, amma sai a garke na 5 ko 6 kuma sai tankin da ya yi watanni ya zauna, a sabon tanki yunwa take kashe shi. Idan tankin ya kai lita 80 zuwa 100 akwai fileko mai gashin hanci da ake kira biristilnos, shi a santimita 12 zuwa 13 yake tsayawa, a sa masa guntun itace. Amma Baba kafin ka sayi kowa, duba dalilin koren. Yawanci haske ne ya yi yawa ko abinci. Fitila awa 6 zuwa 8 ta isa, a janye tankin daga inda rana take bugunsa, abinci kuma abin da za su cinye cikin minti biyu.

Tunda an zo nan bari in faɗi ta kori, don shi ma ana saya ne wai ya share ƙasa sai a bar shi da ragowa. A ba shi nasa abincin mai nutsewa. A sa masa yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi da datti suna cinye masa gashin baki wanda da shi yake lalube. Idan ka ga ya taso a guje ya kurɓi iska ya koma ƙasa lokaci-lokaci ba ciwo ba ne, haka halittarsa take.

Tambaya: Malam na sayi biyu-biyu ne daga iri shida don kowa ya samu abokinsa, niyon, zebira, rasbora, kori da sauransu. Ba sa faɗa amma duk a ɓoye suke kuma kalar ba ta fito kamar yadda na gani a hoto ba. — Daga wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa duk waɗanda ka lissafa 'yan garke ne, kuma niyon ba ya ɗaukar rasbora a matsayin ɗan'uwa. A wajensu yawa shi ne tsaro, idan suka ga su biyu ne kawai sai su ɗauka akwai abin da ya cinye sauran, tsoro kuma yana dusashe kala ya rage garkuwar jiki. Ka zaɓi iri biyu da ka fi so ka kai kowanne shida zuwa takwas, sauran ka nema musu gida. Ka ƙara tsirrai, ka sa baƙar takarda a bayan gilashin, abin mamakin shi ne kifi ya fi fitowa fili idan ya san akwai maɓoya kusa. Zebira shi zan fara cirewa in tankin bai kai santimita 80 a tsawo ba, gudunsa ya yi yawa kuma yana riga kowa cinye abinci.

Tambaya: Na bi duk shawarar da ake bayarwa, na zaɓi masu zaman lafiya zalla, niyon 10, kori 6, gurami 1, na zuba su rana ɗaya a sabon tanki. Kwana biyar suka fara mutuwa, suna hawowa sama suna haki. Ko dai akwai wanda yake kashe su da dare? — Daga wani matashi

Amsa: Ƙanena zaɓinka ba laifi, ba wanda ya kashe wani, ruwan ne. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce mai ƙona masa wajen numfashi, shi ya sa kake ganin haki. A tankin da ya zauna akwai bakteriya masu amfani a cikin soson filta da suke juya amoniya ta koma naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su juya ta ta koma naitiret wadda ba ta da illa sosai kuma canjin ruwa yake fitar da ita. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, kafin su taru ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, kai kuma ka zuba kifi 17 a rana ɗaya.

Waɗanda suka rage, ka canza kusan rabin ruwan yau da ruwa mai ɗumi iri ɗaya wanda ka sa wa maganin kashe kulorin, ka ci gaba da canzawa kullum ko bayan kwana ɗaya, abinci ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, kar ka ƙaro ko kifi ɗaya sai gwaji ya nuna amoniya 0 naitirait 0. Idan kana da wanda ka sani mai tsohon tanki lafiyayye ka roƙi guntun soson filtarsa ka sa a taka, yana rage jiran sosai. Kuma kar ka taɓa wanke soson a ruwan famfo, a ruwan da ka ɗebo daga tankin ake matse shi.

Nan gaba garke ɗaya ake fara zubawa, a jira mako biyu, a kawo na biyu, mai son mallakar waje irin gurami ko beta shi ne na ƙarshe. Ledar da aka kawo kifin a ciki a ɗora ta a kan ruwan minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, a kwashe kifin da raga, ruwan ledar kuma a zubar. In da hali sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a wani ɗan tanki daban, saboda cutar farin ɗigo, wadda za ka ga kamar an barbaɗa wa kifin gishiri, kifi ɗaya ne yake shigo da ita ta kama kowa.

Tambaya: Malam jajayen jatan landen nan ƙanana da ake kira ceri, za su zauna da kifi? — Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa manyan za su zauna da ƙananan kifaye irin su emba tetira, figmi kori da oto, amma jariransu kusan kowane kifi yana ci, sai dai in akwai tsirrai masu duhu da za su ɓuya a ciki, irin gansakukar Jaba. Da beta ko gurami kuwa sa'a ce, wani ya ƙyale su wani ya gama da su cikin mako. Idan kina son jatan landen da ya fi ƙarfin bakin kifi ki nemi wanda ake kira amano, yana kai santimita 5 kuma ya fi cin gansakuka. Ki sa soso a bakin filta kada ta zuƙe ƙananan, idan kin ga ɓawo fari kamar gawa a ƙasa saɓa ce suka yi, ki bar musu su cinye. Sannan duk maganin kifin da za ki zuba ki karanta jikin kwalbar tukuna, in akwai sinadarin tagulla a ciki yana kashe jatan lande da katantanwa, sai ki kwashe kifin da ba shi da lafiya ki yi masa magani a wani mazubi daban.